Sallamar Jaɓɓo

Ƙaya ce ta kawo Jaɓɓo asibiti, ƙayar da ko ɗan yaye ba zai yi wa kuka ba. Ta shige shi a tafin ƙafar dama wajen kiwo, bai ji shigarta ba, bai ji zamanta ba, sai da matar ɗansa ta fara kawar da hanci in ta kawo masa fura. Da aka duba, wurin ya ruɓe har ya yi rami. A asibiti a Illela aka gaya masa wai suga ne a jininsa, shi ya kashe masa jin ƙafa. Jaɓɓo ya saurara ya ce to. A ransa kuwa mamaki yake yi, mutumin da bai taɓa sayen sukari da hannunsa ba, ta ina ya shige shi?

Likita bai ɓoye masa komai ba. An kankare ruɓaɓɓen naman, wari ya tafi, amma ramin yana nan. In ba a riƙa wanke shi ana sake ɗauri a kai a kai ba, ƙafar za a yanke. Jaɓɓo ya san ba barazana ba ce, don ya ga mutumin da ke gadon ƙarshe na ɗakin maza, wanda zanen rufarsa yake kwanciya shafe daga gwiwa zuwa ƙasa. Tun ranar bai ƙara juya fuska wajen ba. Shi da ya bi shanu da ƙafar nan daga bayan Gidan Katta har cikin Nijar, damina da rani, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban kura. Bai dai faɗa wa kowa ba.

Mai wanke masa ciwon wata nas ce, Sista Shafa'atu, 'yar Sakkwato, daga gidan da kowa ma'aikacin gwamnati ne tun daga kaka. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, bakinta da kaifi, hannunta da sanyi. Tana iya yi wa dattijo faɗa kamar ita ta haife shi, tana yi tana naɗa masa bandeji a hankali yadda ba zai ko motsa ba. Jaɓɓo yana ganin girmanta, amma ya lura da abu ɗaya: in ta yi tambaya, kafin ka buɗe baki ta riga ta ba kanta amsa.

A gadon da ke kusa da nasa akwai Halilu, wani manomi da aka yi wa aikin gwaiwa. Shi kam Allah ya hore masa baki. Tun ranar da aka kwantar da Jaɓɓo ya sa shi gaba.

"Kai Bahillace, yau dai gonakin mutane sun huta," in ji shi. "Da an san ƙaya ɗaya ka aje ka, da tuni mun shuka ta."

"Gonakku mi ag gare ta?" in ji Jaɓɓo. "Ko akuya ta shiga sai ta hito da yunwa."

Haka suke wuni, har ɗakin ya saba. In ɗaya ya yi shiru, ɗayan ya leƙa ya ga ko lafiya.

Ana cikin haka likita ya ce Jaɓɓo ya isa sallama. Gado ake nema, kuma abin da ya rage wanki ne da magani. Sista Shafa'atu ta yi yadda aka koya mata, kuma yadda ta yi wa tsofaffi da yawa aka ji daɗi: ba ta sallamar dattijo sai ta tara iyalinsa a bakin gado kowa ya ji da kunnensa. Ta sa aka kira Sabi'u, ɗansa da ke riƙe da shanu a ruga. Aka kira Hauwa'u, 'yarsa ta fari, wadda ke aure a cikin garin Illela. Hauwa'u kuma ta zo da mijinta Mukhtari, mai fataucin albasa. Mukhtari ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya tsuguna nesa da gadon ya gaishe da surukinsa. Jaɓɓo ya amsa yana kallon bango.

Sista ta jero bayani tiryan-tiryan. Magani safe da yamma, ba fashi. Takalmi mai laushi, ba yawo ƙafa a ƙasa. A rage fura, a bar shayi mai zaƙi. Babba a ciki, a riƙa kawo shi wanki, don haka dole ya zauna kusa.

"Rugakku ta yi nisa," ta ce, "hanyar kuma kun san ta. In kunka kai shi can, ba ku dawowa da shi sai ƙahwa ta lalace. Wa ad da wuri cikin gari?"

Mukhtari bai bari ta rufe baki ba. Akwai ɗaki a gidansa kusa da zaure, ya ce, da siminti da fanka, ga famfo a tsakar gida, asibiti kuma ga shi nan kamar ka miƙa hannu. Shi da kansa zai riƙa kawo Baba. Fuskar Hauwa'u ta washe, har ta sa bakin mayafi ta rufe murmushi.

"Madalla, an gama," in ji Sista. "Baba, ka jiya?"

"Na jiya."

"Akwai abin da kaka buƙata?"

"Babu."

To, me zai ce? Hauwa'u 'yar fari ce, tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama ya yi doguwar magana da ita ido da ido ba. Mukhtari kuwa suruki ne. Shekarun nan da aka yi auren, Jaɓɓo bai taɓa wuce ƙofar gidan ba, ko ruwan gidan bai taɓa sha ba. Ba don ƙiyayya ba, Mukhtari mutumin kirki ne, kirkin nasa ma shi ya ƙara wa abin nauyi. Yanzu a ce ya kwana a gidan, ya tauna tuwo suruki na jin motsin bakinsa, ya ɗauki buta da safe ya ratsa tsakar gida zuwa bayi ana kawar da kai don a raga masa? Ya ba da 'ya, sa'an nan ya bi ta da tabarmarsa? Wannan magana ba ta faɗuwa a gaban mutanen da ta shafa. Ga shi kuma kowa a wurin murna yake yi.

Da suka fita, ya riƙe Sabi'u, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Ranar sallama ya zo da ɗan kabu-kabu mai babur tun da sassafe, ya tsaya ta ƙofar baya, su wuce ruga kafin kowa ya iso. Sabi'u ya tambaye shi, ƙafar fa? Ya ce ƙafa ta Allah ce. Ya faɗa da ƙarfin hali, amma da yaron ya tafi sai ya tsinci kansa yana shafa gwiwarsa ta dama, yana auna daga ina za su yanka.

Abin da bai sani ba, Halilu ya yi shekaru yana sayar wa Fulani dusa da harawa a kasuwa har ya iya jin Fulatanci, kuma kunnensa ya fi bakinsa aiki, duk da dai da wuya a yarda.

Washegari Sista ta turo ɗan teburin kayan wanki, ta zauna a kujera, ta ɗora ƙafar a kan leda ta fara kwance bandeji. Halilu ya gyara murya.

"Sista, ki ɗaure ta da kyau, tahiya za ta yi mai nisa. Majinyacinki gudu za shi yi."

Jaɓɓo ya watsa masa harara. Halilu ya kalli rufi kamar ba shi ya yi magana ba, sa'an nan ya zayyana komai, har da ƙofar baya.

Hannun Sista ya tsaya cak. Ranta ya ɓaci sosai.

"Baba, mi nai maka? Kullum ina duƙe bisa ƙahwag ga, na ga ta hwara kyau, kai kuma ka tahi ka zubar? Kana son ka koma kamar wancan?" Ba ta nuna gadon ƙarshe ba, amma duk ɗakin an gane. "Jiya jiyan nan na tambaye ka abin da kaka buƙata, kac ce babu!"

"Kin tambaya," in ji Jaɓɓo a hankali. "Gaban wa kit tambaye ni?"

Sista ta mai da ido kan ƙafar. Ba baƙuwar kunyar suruki ba ce, a gidansu ma an san ta. Ta dai ɗauka abu ne na masu lafiya, wanda ake ajiyewa a ƙofar asibiti tare da takalmi.

"Baba, ai lalura ta," ta ce, muryar ta sauka. "Kowa ya san lalura ta."

"Lalura ga ƙahwa take, ɗiyata. Ba ta kai ga huska ba."

Ta ci gaba da wankin. Ta goge, ta sa magani, ta naɗe. Da ta gama ba ta tashi ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta cire safar hannu ta jefa a kwandon shara, ta gyara zama.

"To yanzu ba kowa, sai wanga mai dogon kunne. Hwaɗa mani. Mi kaka buƙata?"

Wannan karon ta jira. Jaɓɓo ya daɗe yana neman bakin zaren, don ba a saba tambayarsa haka ba, shi ma bai saba faɗa ba. Ya ce yana son wurin da zai ci abinci ya ƙoshi ba tare da ya ji nauyin kowa ba. In an kai shi gidan can, ya san kansa, loma biyu zai yi ya ture kwano, ita kuma ta ce maganin nan ba a sha da yunwa. Yana son ya ji kukan shanu da safe, don tun da aka kwantar da shi barcinsa bai yi daɗi ba. Yana son in ya yi tari ya yi abinsa, kada wani ya taso da gudu yana sannu Baba. Iyakar abin ke nan.

"Babu ko ɗaya cikin abin da nil lissahwa jiya," in ji ta.

"Naki na ƙahwa na. Nawa na mai ƙahwa."

"To ni kuma ƙahwa nika so gabana, ba ni ragi ga wannan. Da gidanku kusa yake, da magana ta ƙare."

Jaɓɓo ya yi ɗan murmushi, na farko tun jiya. Mutanen birni! Su gida abu ne da aka kafa shi ya kafu, sai dai mutum ya je ya same shi.

"Gidanmu ba shi da saiwa, Sista. Karare na da tabarmi, jaki biyu ka ɗauke shi. Wurin sauka na babu. Kewayen garin ga dut gonaki na, kuma yanzu ba kamar dauri ba, ba wanda ka kiran Bahillace shi sauka gonatai."

Sai aka ji shiru daga gadon Halilu, shirun da ya sa su biyun suka waiwaya. Yana zaune yana susar gemu.

Shi ma ashe da tasa damuwar. Sista ta riga ta karanta masa tasa dokar sallama: ba ɗaukar kaya, ba duƙe-duƙe, har sai ɗinki ya yi ƙwari. Ya ce to, kamar yadda kowa ke cewa. Amma gonarsa da ke bayan gari, ta hanyar Amarawa, ta gaji, bana da kyar ta ba da abin kirki. Niyyarsa da an gama kaka ya yi ta jidar taki da mangala har rani ya fita. 'Ya'yansa maza suna kudu wajen nema. Ya riga ya ƙudura a ransa, da ya koma gida zai ɗaure cikinsa da rawani ya shiga jida, ɗinki ya yi abin da zai yi.

"Kai ma?" in ji Sista. "Wai ni da wa nika magana cikin ɗakin ga?"

"Tsaya ki ji," in ji Halilu. "An yanke gero, kara na nan tsaye, ga rijiya kusa. Zamanin babana kowace kaka Hillani na sauka gonag ga, shanu su ci kara su bar muna taki. In wanga tsoho na iya hana shanunai shiga garkar maƙwabcina, shi zo shi sauka. Ni in huta da jida, shi shi huta da suruki."

Jaɓɓo ya ɗago kai ya dube shi. Sista kuwa ta miƙe tsaye.

"Taki? Kashin shanu? Ku tsaya, ni za ku kashe! Ramin da nika wankewa kullum za a kai cikin kashin shanu da ƙuda?"

Nan aka shiga ciniki, kuma ba a gama da wuri ba. Ta fita ta duba wasu majinyata ta dawo, ta samu likita ta dawo. Ta ce bukkarsa sai dai a kafa ta can gefen gona, nesa da inda shanu ke kwana, a share wurin a zuba yashi. Ya yarda. Ta ce ba zai taka cikin garke ba, ba tatsa, ba kama maraƙi. Ya ce to me ya rage? Ta ce kunne ya rage, ai ji ya ce yana so. Halilu ya yi dariya har sai da ya dafe ɗinkinsa. Ta ce kuma abinci daga gidan Hauwa'u za a riƙa kaiwa, don ita aka koya wa irin wanda ya dace da mai suga, takalmin kuma Mukhtari ya riga ya sa an ɗinka, sai ya karɓa ya sa. Nan Jaɓɓo ya yi turjiya. Ta ce ita ta sauko daga nata, saura shi. Ya daɗe yana kallon ƙafar kafin ya ce a kawo.

Ita ta ɗauki nauyin gaya wa mutanen gari. Ta taga Jaɓɓo ya hango su a inuwar dogon yaro, Sista tana magana, Mukhtari yana gyaɗa kai, Hauwa'u ta sunkuyar da nata. Ya ga ta sa mayafi ta share ido. Ta san dalili, ai a ruga aka haife ta, amma ta riga ta share ɗaki ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta sa rai karon nan za ta yi wa mahaifinta hidima da hannunta. Abin ya sosa masa rai ƙwarai, kuma ba shi da hanyar da zai gaya mata.

Sabi'u ya yi gunaguni, ya ce kusa da gari ba kiwo, ga rigimar masu lambu. A ƙarshe aka raba: babban garke ya zauna can wurin 'yan uwa, shanun tatsa da maruƙansu suka taho da Sabi'u da matarsa. Ranar da aka sallami tsofaffin biyu, a amalanken jakin Halilu suka fita, ta ƙofar gaba, Sista na tsaye tana jaddada wa kowa dokarsa har suka sha kwana.

Da asubar farko a gonar, Jaɓɓo ya farka da kukan maruƙa a dangwali, igiyar da ake ɗaure su, da amsar iyayensu. Ya kwanta yana saurare, yana gane kowace da muryarta. Da aka kawo kwano daga gari, ya ja shi bayan bukka ya cinye tas, har ya suɗe hannu. Ranakun wanki Halilu ya zo da amalanke, su tafi suna musu a kan jakin, wanda Jaɓɓo ya ce ya gaji halin mai shi, ba ya tafiya sai da surutu. Ramin ya fara cikowa da jan nama. Sista ta ce kada su yi saurin murna, amma an ga tana ɗan waƙe-waƙe in tana naɗa bandeji.

Sai wata safiya wata karsana ta tashi haihuwar fari, ɗan ya zo a karkace. Sabi'u ya tafi rijiya da sauran shanun, matarsa ta rasa yadda za ta yi, sai kiran Baffa take. Jaɓɓo ya zauna a kan tabarma yana jin nishin dabbar, ya daure, ya daure, ya kasa. Ya tashi ya shiga garken. Ya gyara ɗan ya fito da rai, amma takalmin ya zame a cikin caɓi, bandejin ya jiƙe sharkaf. Ya sa aka wanke da ruwan dumi aka naɗa tsumma a kai, ya ce kada a gaya wa kowa. Kafin ranar wanki ƙafar ta kumbura, jikinsa ya yi zafi.

Sista ta kwance ta duba. Ya shirya jin faɗa, har ya tanadi amsa. Ba ta yi faɗan ba. Ta kira likita, suka yi magana da Turanci a kan ƙafar, likita ya sa yatsa ya zana wani wuri a ƙasan gwiwa yana bayani. Jaɓɓo bai ji Turanci ba, amma ya ga inda yatsan ya bi.

"Za a yi maka allurai, mu gani," ta ce bayan likita ya fita. "In ta sauka, to. In ba ta sauka ba, Baba, ba ni da sauran dabara." Ta tattara kayanta, sa'an nan ta ƙara da cewa, ba tare da ta dube shi ba, "Ni nis sa baki anka bar ka ka tahi gona. Likita bai so ba."

Wannan ta fi masa faɗa ciwo. Yarinyar nan ta ɗauki maganarsa da daraja, ta tsaya masa, shi kuma ya watsa mata ƙasa a ido.

"Na yi laihi, ɗiyata," ya ce. Bai tuna ranar da ya taɓa faɗa wa na ƙasa da shi haka ba.

"Maraƙin ya rayu?"

"Ya rayu."

"To shi ma shi yi maka addu'a."

Aka yi allurai, kullum Halilu na kai shi yana dawo da shi, kuma a kwanakin nan ko jakin bai sha zagi ba. Kumburin ya tsaya, sa'an nan ya fara sauka. Daga nan Jaɓɓo bai ƙara wuce bakin yashin bukkarsa ba. In wani abu ya taso a garke, daga zaune yake ba da umarni, Sabi'u ya yi. Ya gane ashe yaron ya iya, shi ne dai bai taɓa matsawa ya ba shi wuri ba. Ramin ya yi ta tsukewa, daga faɗin bakin ludayi ya koma kamar ƙwayar gyaɗa, gonar Halilu kuwa ta yi baƙi wuluk da taki, har maƙwabta suka fara zuwa tambaya ko shanun za su leƙa tasu in sun gama.

Ranar da Sista ta kwance bandeji ta ga fata ta rufe, ta danna wurin da yatsa, ta sake dannawa. Ta kira likita ya gani. Ta juyo tana dariya, idonta ya yi rau-rau.

"Baba, ƙahwakka taka ta. Takalmi dai har abada, magani har abada, kuma kullum a duba maka tahin. Amma ba ni ƙara ɗaure ta."

Jaɓɓo ya sauke ƙafar ƙasa a hankali, ya sa takalmi, ya miƙe. Ya yi mata addu'a mai tsawo, da Hausa, da ta ƙare masa ya ci gaba da Fulatanci. A waje Halilu ya juyo da amalanke ya nufi hanyar gona, sai Jaɓɓo ya ce ya jira shi a nan, akwai inda za shi.

"Ina za ka? Hau in kai ka."

"Wagga tahiya ba ta jaki ba ta."

Ya ɗauki sandarsa ya shiga gari. Ba nisa, amma ya daɗe bai yi tafiya ba, sai da ya tsaya ya huta a jikin wani bango. Ya isa ƙofar gidan Mukhtari ya yi sallama daga waje, kamar yadda wanda ya tashi daga ciwo yake bi gida gida yana godiya ga waɗanda suka yi ɗawainiya da shi. Mukhtari ya fito da sauri, da ya ga ko wane ne ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Ya ce Baba ya shigo, Jaɓɓo ya ce nan ma ya isa. Ya gode masa a kan takalmi, da abinci, da ɗakin da aka share, ya ce ya ji labarin ɗakin kuma Allah ya saka da alheri.

A cikin zaure ya ji motsi. Bai duba ba, amma ta wutsiyar ido ya ga gefen mayafi a bakin ƙofa, ya san wadda ke tsaye, ya kuma san ba fuskarsa take kallo ba. Ya gyara tsayuwa, ya jingine sandar a bango, ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu babu madogara, ya ɗan daɗe a haka don a gani da kyau. Sa'an nan ya ɗaga murya kaɗan, yana kallon hanya.

"A gaya ma mutanen gida, ƙahwa ta warke. Tuwonsu ya yi magani."

Daga cikin zaure aka ji wani sauti, rabi kuka rabi dariya, an toshe shi da mayafi. Jaɓɓo ya ɗauki sandarsa ya juya, yana takawa a hankali, don ya san ana binsa da kallo har ya kai ƙarshen layi.